Ƙanina zai fito daga gidan yari, an ce min sati biyun farko ne suka fi haɗari, dan Allah a min bayani

Maman Iman:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema daga duk wanda ya san harkar lafiya ko wanda irin haka ta taɓa faruwa a gidansu, ku yi haƙuri da tsawon rubutun zuciyata ce a cike. Ƙanina ne, autanmu, shekararsa 26, wata goma sha huɗu kenan yana gidan gyaran hali yana jiran shari'a, a wani samame da aka kai unguwarmu aka kama shi da ƙwayoyi a aljihu. To alhamdulillahi lauya ya ce an gama maganar beli, in sha Allahu ranar Alhamis mai zuwa zai dawo gida. Ba zan ɓoye muku komai ba tunda taimako nake nema, yana shan tiramol da kodin tun kafin a kama shi, daga baya ma har allura yake wa kansa, wadda suke ce wa fenta. Asalin abin haɗarin babur ya yi ƙafarsa ta karye, wani mai kemis ya dinga yi masa allurar saboda ciwo, ƙafa ta warke amma allura ta ƙi barinsa.

Mu a gida murna kawai muke, Hajiyarmu har ta sa an share ɗakinsa an saya masa sabuwar katifa, tana ta cewa ai yanzu jininsa ya wanke tunda ya fi shekara bai sha komai ba. To jiya na je barka gidan wata ƙawata, akwai ƙanwar mijinta da ke karatun kiwon lafiyar al'umma, da ta ji labarin sai ta ce min Anti ku kula fa, malaminmu ya ce sati biyun farko bayan fitowa shi ne lokacin da suka fi mutuwa. Wlh tun daga lokacin gabana yake faɗuwa, don nan take na tuna da yaron maƙwabtanmu da ya rasu bara, kwanansa shida da fitowa, da asuba aka same shi a ɗakin abokinsa leɓensa ya yi baƙi ƙirin, wasu suka ce guba aka ba shi tun a can ciki wasu suka ce sammu ne, mahaifiyarsa har yau in ta ganni sai ta yi kuka don tare suka taso da namu.

Shin maganar nan gaskiya ce? Kuma ta yaya wanda ya daɗe bai sha ba zai fi wanda yake sha kullum shiga haɗari, ni kaina ya kulle a nan. Me ya kamata mu yi kafin Alhamis?

Ummu Sadik:

Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya shirya mana zuri'a ya sa iyakar wahalar kenan. Ni dai shawarata kar ku yi masa gori ko sau ɗaya, kar a ce masa tsohon fursuna ko da wasa, yaran gidan ma a ja musu kunne. Masu ilimin abin za su zo su yi miki bayani in sha Allah.

Abu Hanan:

Maman Iman sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da zumunci. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa miki, kuma wannan yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a fannin lafiyar al'umma, ƙasashe daban-daban sun bincika duk amsa ɗaya suke samu.

Bari in fara da inda kika ce kanki ya kulle. Tiramol, kodin, fenta, hiroyin, duk dangi ɗaya ne, kuma ban da kashe ciwo da sa maye suna danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa. Mai sha kullum jikinsa yana sabawa, shi ya sa za ki ga wanda ya fara da ƙwaya ɗaya ya kai yana watsa biyar shida a baki kuma ya tashi ya hau babur, adadin da in ke ko ni muka sha sai dai a kwashe mu. To wannan sabon ba ya dawwama, kwanaki kaɗan zuwa makonni in mutum bai sha ba ya fara zubewa, bare wata goma sha huɗu. Matsalar ita ce jiki ya manta amma kai bai manta ba, yaro zai fito yana tuna cewa shi mai shan shida ne, abokai su zo taya murna su miƙa masa irin yadda suka san shi da sha, ya sha, barci ya ɗauke shi, numfashi ya dinga raguwa har ya tsaya. Su kuma suna zaune kusa da shi suna jin minshari suna cewa ai ya yi nisa ne a bar shi ya huta. Abin da Hajiya take kira jini ya wanke gaskiya ne ta wani ɓangaren, amma wankewar ce take sa tsohon adadin ya zama ajali.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Dakta Ingrid Binswanger da abokan aikinta, ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2007. Sun bi sawun mutum 30,237 da aka sallama daga gidajen yarin jihar Washinton ta Amurka tsakanin 1999 da 2003. A sati biyun farko haɗarin mutuwarsu ta kowace hanya ya ninka na sauran mutanen jihar kusan sau 13, haɗarin mutuwa ta hanyar ƙwaya ta yi yawa kuwa ya ninka sau 129. Amma kar wannan lambar ta firgita ki fiye da kima, an kwatanta su ne da duk mutanen gari har da waɗanda ba su taɓa shan komai ba, dole lambar ta yi girma. Wanda ni na fi ganin ya dace da tambayarki shi ne na Sikotland, inda Sheila Bird da Sharon Hutchinson suka duba samari 'yan shekara 15 zuwa 35 da aka sallama a ƙarshen shekarun 1990, suka kwatanta su da kansu, wato sati biyun farko da sauran makonnin da suka biyo baya, sai suka ga mutuwar ƙwaya ta ninka sau bakwai a sati biyun nan. Har suka ƙiyasta cewa cikin duk masu allura 200 da aka saki, ɗaya yana mutuwa kafin ya cika kwana goma sha huɗu a gida. Ki duba fa, mutum ya jure zaman kaso ya fito da ransa sannan ya zo ya mutu a kan katifar gidansu.

Can hiroyin da hodar ibilis suka fi yawa, yanzu kuma fentanil, wanda daban yake da fentar da ƙaninki yake yi, ita fenta sunanta fentazosin, shi fentanil ya fi hiroyin ƙarfi wajen sau 50, kar a haɗa su. Mu nan tiramol da kodin ne kan gaba, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, wato ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol ne, kusan 80,000 kuma allura suke yi. Amma yadda jiki yake mantawa iri ɗaya ne ko a Washinton ko a Kano. Tiramol ma yana da ƙarin sharri, yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, kuma wanda ake sayarwa a bayan fage mai 225 ne ko 250 alhali na asibiti 50 ne ko 100. In aka haɗa da roci ko diyazefam ko giya to nan ne aka fi rasa mutane.

Abin da zan ce ku yi, wani da yake jin nauyinsa kuma ba ya tsoronsa ya zaunar da shi tun ranar farko ya faɗa masa wannan maganar ƙarara. Ba wa'azin ka daina kaɗai ba, wannan ya sha ji, a ce masa jikinka na yau ba na bara ba ne, abin da kake sha da can yanzu kashe ka zai yi. Kuma kar a bar shi yana kwana shi kaɗai a ɗaki a kulle a makonnin nan.

Maman Iman:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Abu Hanan na gode Allah ya ƙara ilimi, wlh kamar kana wurin lokacin da yaron maƙwabtan nan ya rasu, abokan sun ce minshari ya dinga yi tun dare. Akwai kuma abin da nake jin nauyin tambaya amma gara in tambaya, lokacin da na kai masa ziyara watan jiya na ga ya rame sosai kuma yana tari, shin ya kamata mu yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki? Ina tsoron in na ce masa haka ya ga kamar zarginsa nake da wani abu.

Wanda Ya Taɓa Shiga:

Yaya ki yi haƙuri in sa baki, ni na yi shekara biyu da wata uku a ciki kafin kotu ta sallame ni, ba zan faɗi wane gida ba ne. Farko dai ki cire a ranki cewa wai wata goma sha huɗu bai sha komai ba, mai yiwuwa ne haka ne amma kar ki rantse, ƙwaya tana shiga, sai dai tana da tsada kuma ba kullum ba, wanda yake shan shida a waje a can in ya samu ɗaya a sati ya gode Allah. Wato dai maganar Malam tana nan, jikin ya sauka.

Maganar gwaji kuma wlh ki yi masa, ba sai an zarge shi da komai ba. Ɗakin da aka gina don mutum ashirin mun kai mu saba'in a ciki, kwanciya a gefe ɗaya ake yi in za a juya sai an juya tare, mai tari yana tari a fuskarka har gari ya waye ga zafi ga taga ƙarama can sama. Reza ɗaya sai ta aske kai goma, ni da idona na ga ana wasa ta a jikin siminti don ta ƙara ci. Allura kuwa da yake samunta ya fi samun ƙwayar wahala, guda ɗaya ce take zagayawa, a ɗauraye ta da ruwan kofi a miƙa wa na gaba, har sai bakinta ya dakushe tana yaga fata. Akwai kuma abin da ba a faɗa, yara ƙanana da ba su da mai kawo musu ziyara, gabza ba ta isarsu, wani babba ya ɗauke su yana ba su abinci da sabulu da wurin kwanciya, kin dai gane sauran. Ba na ce haka ta faru da ƙaninki ba, Allah ya kiyaye, amma wanda ta faru da shi har abada ba zai faɗa wa yayarsa ba.

Akwai wani bawan Allah da muka zauna da shi wanda yake shan maganin HIV tun a waje, da aka kama shi ya ji kunyar faɗa don kar 'yan ɗaki su sani su ware masa kofi, ya yi wata huɗu ba magani, sai da ya kwanta sosai sannan ya faɗa wa ma'aikacin asibitin gidan aka nemo masa. Ya rayu alhamdulillah amma ya sha wuya.

Ni ranar da na fito abokaina har da kiɗa suka tare ni, kafin magariba an kawo min kwalba biyu wai ta wanke baƙin ciki. Allah ne ya sa kawuna ya zo ya tafi da ni ƙauye washegari na yi wata biyu ina noma. Ki ce masa gwajin na tarin ne, in an je asibiti ai su da kansu suke haɗawa da na HIV ga duk mai tarin fuka, kin ga ba ke kika ce ba.

Abu Hanan:

Ɗan'uwa Allah ya saka da alheri, abin da ka faɗa ya fi duk lambobin da zan kawo nauyi, gani ya kori ji. Dabarar tarin ma daidai ce, sai dai ni zan so a faɗa masa gaskiya cewa har da HIV da ciwon hanta za a duba, don gwajin da yardarsa ake yi kuma sakamakon nasa ne, in ya ga dama ya faɗa muku in bai ga dama ba ya riƙe.

Abin da kuka gani a ciki masu bincike sun gan shi a wurare da yawa. A 1993 a gidan yarin Glenochil na Sikotland an samu ɓarkewar HIV tsakanin masu allura, mutum 14 aka gano, da aka duba ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje sai aka ga 13 daga cikinsu tushensu ɗaya, wato a cikin gidan suka ɗauka daga juna. A 2002 a gidan yarin Alytus na ƙasar Lituweniya kusan mutum 300 aka gano cikin 'yan watanni. Mu nan gida, binciken da UNODC da NACA, wato hukumar yaƙi da cutar HIV ta ƙasa, da hukumar gidajen yari suka fitar a 2019 ya nuna kashi 2.8 cikin 100 na mazauna gidajen yari suna ɗauke da HIV, alhali a gari kashi 1.4 ne bisa babban binciken ƙasa na 2018, ninki biyu kenan, a ɓangaren mata ma ya kai 6.9.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani nazari da ya fito a mujallar Lancet Infectious Diseases a 2018 wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama kan masu allura, ya nuna wanda bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba haɗarin kamuwarsa da HIV ya ƙaru da kashi 81 cikin 100, na ciwon hanta nau'in C kuma da kashi 62. Wato ba cikin gidan kaɗai ba ne, bakin ƙofar ma wurin kamuwa ne, mutum ya fito ba aiki ba kuɗi, wani matarsa ta tafi, wani gidansu sun ƙi karɓarsa, sai ya koma kango wurin waɗanda za su karɓe shi, allurar da ke hannunsu ita zai yi amfani da ita. Makonnin da ake mutuwa su ne dai makonnin da ake kamuwa.

Ga mai ɗauke da cutar kuma matsalar yankewar magani ce. A jihar Teksas ta Amurka an bi mutum sama da 2,000 masu shan maganin HIV da aka sallama, kashi 5 cikin 100 kacal ne suka karɓi maganinsu cikin kwana goman farko, bayan wata biyu ma kashi 30 ne. In magani ya yanke cikin 'yan makonni ƙwayar cutar take dawowa ta cika jini, a lokacin ne kuma yake komawa wurin iyalinsa. Alhali wanda yake shan magani daidai har cutar ta kwanta ba a ganinta a gwaji ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Shi ya sa nake jin ciwo in na ji ana cewa lafiyar fursuna ba ta shafe mu ba, ai kusan dukkansu gida za su dawo, kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan ma ba a yanke musu hukunci ba.

Maman Iman abu ɗaya ki riƙe, in an yi gwajin farko ba a ga komai ba a maimaita bayan wata uku, don gwajin yatsa ba ya kama cutar da aka ɗauka kwanan nan. Gwajin HIV da maganinsa da na tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Baba Malam:

Assalamu alaikum. Na karanta duka kuma na ƙaru, Allah ya yi muku albarka. Amma akwai inda nake jin tsoron maganar nan za ta kai mu, domin na taɓa jin masu irin wannan binciken suna cewa wai a dinga raba wa 'yan ƙwaya sabbin allurai kyauta, har a ba su wata ƙwayar a madadin wadda suke sha. Yarana wannan ba taimakon ɓarna ba ne? Yaron da ya ga gwamnati da kanta tana miƙa allura me zai hana shi cewa abin halal ne? Mu abin da muka sani shi ne a raba mutum da abin gaba ɗaya, a haɗa shi da malamai da sana'a da addu'a. Ke kuma 'yata ki dage da addu'a, ki sa mahaifiyarku ta dinga sa masa albarka tana ambaton sunansa, bakin uwa ba wasa ba ne.

Bakano a Amurka:

Baba barka da warhaka, Allah ya ƙara girma. Wlh da irin ra'ayinka na zo ƙasar nan kuma har gobe ina tare da kai cewa burin shi ne mutum ya rabu da abin kwata-kwata. Abin da ya sa na sassauta labarin wani gari ne a jihar Indiyana, Austin sunansa, a ƙaramar hukumar Scott, mutanensa ba su fi dubu huɗu da 'yan kai ba, talakawa ne turawa 'yan karkara masu zuwa coci. Da can duk ƙaramar hukumar ba ta samun sabbin masu HIV biyar a shekara. A 2015 sai ga mutum 181 cikin shekara guda, daga baya suka haura 200, kusan dukkansu ta hanyar narka wata ƙwayar kashe ciwo mai suna Opana suna yin allurarta, har an samu gidan da kaka da uwa da jika suke amfani da allura tare. A lokacin dokar jihar ta hana rabon allura, gwamnansu Mike Pence wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga baya shi ma yana adawa da shi saboda irin dalilinka Baba. Sai da abin ya ci tura ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2015 ya ba da izini, yaɗuwar ta lafa, kuma masu bincike na Jami'ar Yale suka lissafa a 2018 cewa da an motsa da wuri da yawancin mutanen nan ba su kamu ba. Rashin allura bai hana kowa yi ba, sa su ya yi suka dinga karɓa-karɓa da guda ɗaya.

Maganin madadin kuma, metadon da bufirenofin, likita ne yake aunawa, ba ya sa mutum layi in an ba shi daidai, yana kashe ƙishirwar ne ya bar mutum ya je kasuwa ya yi sallah a kan lokaci. Jihar Rhode Island ta fara bayar da shi a duk gidajen yarinta a 2016 kuma a ci gaba bayan an fito, waɗanda suka mutu da ƙwaya cikin sababbin fitowa suka sauko daga 26 a wata shidan farko na 2016 zuwa 9 a wata shidan farko na 2017. A Ingila ma an ga waɗanda suka fito suna kan maganin mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 75 cikin 100. Kuma ba ƙasashen turawa kaɗai ba, Iran tana ba da metadon a gidajen yarinta tun farkon shekarun 2000, Malesiya ta fara bayar da shi a gari a 2005, Tanzaniya ta buɗe asibitinsa a Muhimbili da ke Darussalam a 2011. Mu ma an gwada rabon allura a Gombe da Oyo da Abiya a 2020. Malamai ai suna da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu in ba makawa, kai ka fi ni sanin wannan Baba, ni dai abin da na gani shi ne wanda yake raye ne yake tuba.

Baba Malam:

To ɗana na ji, maganar likita ya auna magani ya bayar ban ƙi ta ba, wannan jinya ce. Ta rabon allura dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, zan tambayi waɗanda suka fi ni sani. Allah ya sa mu dace.

Sista Ladi:

Maman Iman ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, bari in faɗa miki abin da za ki koya wa duk 'yan gidan har Hajiya. In kun same shi yana barcin da ba ya farkawa, kun kira sunansa kun murza ƙashin ƙirjinsa da ƙarfi bai motsa ba, numfashinsa yana fita ɗaya-ɗaya ko yana wani irin minshari kamar ana shaƙe shi, leɓe da farce sun canza launi, kin ɗaga fatar ido kin ga baƙin ya ƙanƙance kamar kan allura, to ba barci ba ne. Dan girman Allah kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, huhu suke tafiya, mun sha karɓar yaran da madarar ce ta ƙarasa su. Kar a tsaya watsa ruwa ko neman mai ruƙiyya tukuna, a kwantar da shi ta gefe a ɗaga haɓarsa, in numfashin ya tsaya a hura masa ta baki, a nemi mota ko adaidaita a taho. In jijjiga yake kar a cusa masa cokali a baki, a janye abin da zai buge shi kawai.

In kun zo ku faɗa mana gaskiyar abin da ya sha, ku taho da kwalin ko kwalbar in kun gani, mu ba kama mutane muke ba. Akwai allura mai suna nalokson da take warware irin wannan cikin mintuna kaɗan, amma ƙarfinta yana ƙarewa bayan rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, tiramol kuma yana daɗewa a jiki, don haka ko ya farka ya ce shi lafiyarsa ƙalau kar ku yarda ku tafi da shi sai an sallame ku. A Sikotland tun 2011 suke ba fursuna wannan maganin a hannu ranar da zai fita, ina fatan ranar da za mu ga haka a nan. Tun yanzu ki je asibitin da ya fi kusa da ku ki tambaya ko suna da shi, ki kuma tambayi sashen masu lura da ƙwaƙwalwa ranar da suke ganin masu matsalar shaye-shaye.

Maman Iman:

Slm 'yan'uwa, na dawo in faɗa muku ya fito jiya wajen la'asar alhamdulillah, Hajiya ta rungume shi ta kasa magana. Yayanmu babba ya zaunar da shi bayan isha ya karanta masa abin da Malam Abu Hanan ya rubuta daga wayata, ya yi shiru ya daɗe sannan ya tambaya wai dama abin da ya kashe abokinsa kenan, ashe a ciki ya ji labarin rasuwar kuma shi ma guba aka ce masa. An mayar da katifar ɗakin yayan namu, can zai dinga kwana. Yau da safe mun je asibiti shi da kansa ya ce a yi duka, na HIV ba a ga komai ba sun ce mu dawo bayan wata uku, sun karɓi majinarsa ta gwajin tari sai Litinin za mu ji, na hanta kuma an ce sai mun biya za mu yi shi ranar. Sista Ladi, na tambaya, sun ce suna da nalokson ɗin a sashen gaggawa.

Yanzu damuwata abokan, tun jiya mutum huɗu suka yi sallama da shi a ƙofar gida, biyu na san su na san abin da suke yi. Ɗan'uwa da ka ce kawunka ya tafi da kai ƙauye, da yardarka aka tafi ko tilasta maka aka yi? Muna da ƙanin mahaifinmu a ƙauye yana noman rani kuma ya ce a kawo shi, amma asibitin garin da nisa, ga sakamakon tarin ba mu karɓa ba, na rasa wanne zan fara.